Tambaya ga masana: roba za ta iya ɗaukar wutar lantarki ba tare da ta yi zafi ba?

Ɗan Mai Koyil, Gombe

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai.

Ina karatun digiri na biyu a fannin kemistiri a nan Gombe, kuma lokacin zaɓen abin da zan yi bincike a kai ya yi. Kafin in yi tambayar bari in faɗi inda ta samo asali.

Babanmu naɗin koyil yake yi. Shagonsa na wajen tsohuwar kasuwa, kuma fanka ce, injin ban ruwa ne, injin niƙa ne, abin walda ne, duk wanda ya ƙone wurinsa ake kawowa. Tun ina firamare ni nake riƙe masa waya yana naɗi yana ƙirga zagaye a bakinsa, in ka yi masa magana a lokacin ba zai amsa ba. Warin banishin da ya ƙone a jikin wayar kofa, wato jan ƙarfe, har yau ina jinsa a hancina. A watan Maris da Afrilu, da zafi ya kai digiri 40 ga kuma wuta tana zuwa ba ƙarfi, injuna sukan taru har a rasa wurin taka ƙafa. Wata rana na tambaye shi me ke sa waya zafi, ya ce ita ma gajiya take yi. Sai da na shiga sakandare na ji sunan wannan gajiyar: turjiya. Lantarki na wucewa, ƙarfen na turje masa, abin da aka yi asara ya koma zafi. In ƙarfin wutar da ke bi ya ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa.

Daga baya na karanta cewa akwai abubuwan da turjiyarsu ke ɓacewa gaba ɗaya in an sanyaya su sosai, wato sufakondakta. A 1911 Kamerlingh Onnes ya fara ganin haka a birnin Leiden na ƙasar Holan, da ya sanyaya zaiba zuwa digiri 4.2 a ma'aunin Kelbin. Ga wanda bai saba da wannan ma'auni ba, sifirinsa yana kusan digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Zafinmu na Afrilu kenan 313 ne a Kelbin. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 4 da 313.

Abin da ya hana ni barci shi ne shawarar da William Little na Jami'ar Stanford ya kawo a 1964. Ya ce ana iya tsara folima, doguwar sarƙar kabon irin dangin roba, a maƙala mata ƙwayoyin rini a gefe da gefe kamar ganye a jikin reshe, kuma a lissafinsa irin wannan sarƙa za ta iya zama sufakondakta a zafin da ya wuce na ɗaki. Rini fa! Ni da na tashi ina ganin mata suna rina atamfa a bayan gidanmu, sai na ji abin ya matso kusa da ni. Na riƙa hango waya mai laushi, mara nauyi, wadda za a naɗa a injin ban ruwa a Dadin Kowa ya yini yana aiki bai ɗau zafi ba.

Na kai wa malamin da ke duba aikina wannan magana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in bar ta, in yi aiki a kan foliyanilin, wata folima mai ɗaukar lantarki, wadda za mu iya haɗawa a ɗakin gwajinmu. Ban yi masa musu ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

To tambayata: shekara sittin ke nan da wannan shawara, me ya hana a haɗa sarƙar? Lissafin ne ya ɓaci, ko masu haɗa sinadaran ne suka gaza? In kuma aka sa ƙarfe a cikin sarƙar, kamar jan ƙarfe ko filatinom, hakan zai buɗe hanya? Ina neman wanda zai gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Malamin Fiziks, Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa mahaifinka albarka, amsar da ya ba ka ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Sai ka fara gane me ke sa turjiya ta ɓace kafin ka gane inda Little ya nufa. Ilektiron su ne ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki a cikin waya. Biyu daga cikinsu ba sa shiri, cajinsu ɗaya ne, kowane yana ture ɗan'uwansa. Amma a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka nuna cewa a cikin ƙarfe mai sanyi sukan haɗu bibbiyu, kuma waɗannan tagwaye su ke tafiya tare ba abin da ke tare su. Ga yadda nake kwatanta wa ɗalibaina. Mai tallan rake ya ratsa unguwa, mutane suka taru inda ya bi. Shi ya riga ya yi gaba, amma taron bai watse ba tukuna. Wani mai raken, wanda ba ya ga maciji da na farko saboda ciniki, ya hango taro ya nufo wurin. Ka ga ya bi sawun abokin hamayyarsa ba don yana sonsa ba. A cikin ƙarfe, taron nan atom-atom ne masu kishiyar caji da ke karkatowa inda ilektiron ya wuce.

Atom kuwa abu ne mai nauyi, motsinsa a hankali yake. Tun 1950 aka auna a zaiba cewa in atom ɗin ya ƙara nauyi, sanyin da ake buƙata ma ƙaruwa yake yi. Nan Little ya tsaya ya ce: to me zai hana mu sa abu mara nauyi ya yi aikin taron? Furoton ɗaya tak, irin wanda ke cikin kowane atom, ya fi ilektiron nauyi sau 1836. A ƙwayar rini akwai ilektiron da ke kai-komo daga wannan kai zuwa wancan cikin sauƙi, shi ne ma abin da ke ba ta launi. In ilektiron na bin ƙashin bayan sarƙar, na cikin rinin za su kauce, su bar caji mai jawo na biyu. Tunanin yana da kyau ƙwarai, kuma a shekarar ce Vitaly Ginzburg a Rasha ya kawo makamancinsa, shi kuma a shimfiɗe maimakon a sarƙa.

Matsalar tana cikin misalin da na ba ka. Abin da ya sa dabarar ta yi aiki shi ne taron na daɗewa bai watse ba, har na farko ya yi nisa. In taron yara ne masu saurin watsewa, dole na biyu ya iso tun na farko yana wurin, sai kuma a koma ture-ture. Saurin da Little yake nema shi ne kuma ke rage masa ribar.

Sai kuma ita kanta sarƙar. Rudolf Peierls ya nuna cewa atom da aka jera a layi ɗaya da tazara daidai ba sa zama haka, sukan matsu bibbiyu, gajeriyar tazara da doguwa, kuma da zarar sun yi haka hanyar lantarki ta toshe. Haka folimar da ake kira foli'asitilin take in ba a yi mata ƙari ba. Haka kuma wani gishiri mai suna TTF-TCNQ ya yi wa mutane a 1973: ana sanyaya shi yana ƙara ɗaukar wuta, ana murna, da aka sauko ƙasa da digiri 60 a Kelbin sai ya juya ya daina. Ƙari a kan haka, hanya ɗaya tilo ba ta da mafita. Ka san yadda ake yi in tirela ta lalace a kan gada tsakanin Bauchi da Gombe, kowa tsayawa yake. Aibi ɗaya a sarƙa ya isa, folima kuwa ba ta rabuwa da aibi.

Duk da haka neman bai tashi a banza ba. A 1975 aka samu folima ta farko da ta zama sufakondakta, (SN)x, sarƙar farar wuta da naitirojin, babu kabon a cikinta, a kimanin digiri 0.3. A 1980 Denis Jérome a Faransa da Klaus Bechgaard na Denmak suka ba da rahoton na farko mai asalin kabon, (TMTSF)2PF6, a digiri 0.9 kuma sai an matse shi da ƙarfi. Dangin BEDT-TTF, waɗanda ƙwayoyinsu ke shimfiɗuwa faifai-faifai, sun haura digiri 10. A 1991 ƙwallon kabon C60 da aka sa wa fotasiyom ya kai 18, danginsa suka kai 33, daga baya mai siziyom ya kai 38 a ƙarƙashin matsi.

Ka lura da jerin nan da kyau. Daga sarƙa zuwa faifai zuwa dunƙule, adadin hawa yake yi. Wato duk lokacin da aka yi nisa da siffar da Little ya zana, sai sakamako ya gyaru. Ita ma (SN)x ɗin, abin da ya cece ta daga toshewa shi ne sarƙoƙinta suna ɗan taɓa juna. Kuma babu ko ɗaya a cikinsu da aka tabbatar yana aiki ta hanyar rinin da ya tsara. A ganina ba masu kemistiri ne suka gaza ba, siffar ce take da matsala tun daga tushe. Ba wanda ya kafa hujjar cewa abin ba zai taɓa yiwuwa ba, wannan kam gaskiya ne. Amma ni ba zan ɗora wa ɗalibi mai shekara biyu a hannu wannan kaya ba.

Mai Wayarin, Wunti

Salamu alaikum. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, wayarin gidaje nake yi a Bauchi shekara da shekaru, amma na karanta duk abin da kuka rubuta sau biyu. Ranka ya daɗe Malam, na taɓa ganin bidiyo a Facebook an zuba wani ruwa mai hayaƙi a kan baƙin dutse, maganaɗisu ya tashi ya tsaya a iska. Aka ce wannan ma irin abin ne. To tunda akwai shi a hannu, me ya sa ba a yi waya da shi ba, ake ta wahalar neman na roba? Ni abin da na sani, kofa ta yi tsadar da yanzu wasu masu gini waya mai haɗin alminiyom suke sayowa, bayan wata shida soket ya narke. In akwai abin da zai raba mu da wannan, muna so mu ji.

Yayar Ɗalibai, Gombe

Malam ya gama da ɓangaren lissafi, ni bari in shigo ta ɓangaren tukunya da ludayi, tunda shekaruna na yi ina haɗa irin waɗannan sinadarai.

Mai Wayarin, sannu da aiki. Baƙin dutsen da ka gani dangin wanda aka gano a 1987 ne a Amurka, haɗin itiriyom da bariyom da jan ƙarfe da iskar oksijin, mai aiki a kimanin digiri 92 a Kelbin. Ruwan mai hayaƙi naitirojin ne, sanyinsa 77, shi ya sa ya isa. Bednorz da Müller ne suka buɗe wannan ƙofa a Zurik a 1986. Ana yin waya da shi, amma da yake kamar kasko yake, lanƙwasa kaɗan ya tsage, sai dai a shafa shi siriri a kan ƙyallen ƙarfe. A birnin Essen na Jamus an shimfiɗa kebul na irin waɗannan sinadarai mai tsawon kusan kilomita ɗaya a 2014, kuma dole naitirojin ya riƙa zagayawa a cikinsa dare da rana. Na'urar MRI ta asibiti kuwa, yawancinsu har yau wayar niyobiyom da titaniyom ce a cikin ruwan hiliyom. Ka ga dalilin da ya sa ake kwaɗayin na roba: a narka, a ja, a naɗa.

Ƙanena, ka yi tambaya a kan sa ƙarfe a sarƙa. An bi wannan hanyar, shi kansa Little ya bi ta. Akwai wani gishirin filatinom da ake kira KCP, wanda atom ɗin filatinom ke hawa kan juna kamar an jera kwabbai, yana ƙyalli kamar jan ƙarfe. A 1976 Little da abokan aikinsa biyu suka ba da shawarar a yi ƙashin bayan da filatinom, a kewaye shi da rini. Amma KCP da kansa in ya yi sanyi toshewar da Malam ya faɗa ce ke kama shi. Tobin Marks a Amurka ya jera ƙwayoyin fitalosayanin, dangin shuɗin da ake sa wa a fenti, a kan sandar silikon da oksijin, ya sa musu aidin. Sun ɗauki wuta, ba su zama sufakondakta ba. Wanda ya yi nasara shi ne Cu-BHT, jan ƙarfe da zoben benzin mai farar wuta shida, wanda masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahotonsa a 2018. Digiri nawa? 0.25. Kuma shi ma shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, ba sarƙa ba. Amfanin ƙarfen shi ne yana ɗaure sassan su jeru da tsari, yana kuma ba ilektiron hanyoyi da yawa. Ni a nan nake ganin sauran fata yake, sai dai tafiyar da nisa.

Kada kuma ka raina abin da malaminka ya ba ka. Shirakawa da MacDiarmid da Heeger, da suka sa wa foli'asitilin tururin aidin a 1977 ɗaukar wutarta ya ninka sau miliyoyi, ba sufakondakta suka samu ba, amma aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 2000. Foliyanilin 'yar gidan ce. Ga yadda ake haɗa ta: anilin a cikin asid na haidirokulorik, ka sa kwalbar a ƙanƙara, ka ɗiga amoniyom fasalfet a hankali kana juyawa. Za ka ga ruwan ya yi shuɗi, sannan ya koma kore shar mai duhu. Ranar da na fara ganin wannan koren na daɗe a tsaye ina kallo. Ka tace, ka busar, ka matse shi ya zama kamar kwabo. Ka kiyaye anilin, guba ne kuma ta fata ma yana shiga, safar hannu dole ce, kuma kada ka yi a rufaffen ɗaki.

Abin da za ka auna shi ne ainihin tambayarka a ƙaramin sikeli: in an sanyaya, turjiya sauka take ko hawa? A ƙarfe sauka take. A mafi yawan folima hawa take, domin ilektiron tsalle yake daga sarƙa zuwa sarƙa, kuma zafi ne ke ba shi ƙarfin tsallen. Abin da turjiyarsa ke hawa da sanyi galibi bai ma kama hanyar zama sufakondakta ba. Ka haɗa kala uku ko huɗu, wata da gishirin jan ƙarfe, wata da na nikel, wata zalla, ka ga wacce ta fi kusa da halin ƙarfe.

Abu ɗaya nake roƙonka. Wannan fanni ya sha jefa mutane a kunya. A 2001 Jan Hendrik Schön ya ce ya mai da wata folima mai suna folitayofin sufakondakta a kimanin digiri 2, a 2002 kwamitin bincike ya gano ƙirƙirar sakamako yake yi, har zane ɗaya yake maimaitawa ga abubuwa daban-daban. A 2023 duniya ta ɗauka kan LK-99 daga Koriya ta Kudu, wani sinadari da aka ce sufakondakta ne a zafin ɗaki, daga baya aka gano gurɓacen jan ƙarfe da farar wuta ne ke sa turjiyar faɗuwa a wajen digiri 104 na Salshiyos. In wata rana mitarka ta nuna sifiri, ka fara zargin wayoyinka sun haɗu. Sai an ga abu biyu ake yarda: turjiya ta ɓace, kuma abin ya kori maganaɗisu daga cikinsa, kamar yadda Meissner da Ochsenfeld suka gano a 1933.

Ɗan Mai Koyil, Gombe

Malam, Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani. Ba zan ɓoye ba, jerin nan na sarƙa da faifai da dunƙule ya yi mini nauyi a zuciya, domin sarƙar ce na ƙwallafa rai a kanta. Na kwana ina juya misalin masu rake, kuma ban samu ta inda zan kuɓutar da ita ba.

Jiya bayan la'asar na je shago na ba Baba labarin duka. Da na zo kan cewa akwai sufakondaktan da ya kai digiri 203 na Kelbin a Jamus a 2015, haɗin haidirojin da farar wuta, amma sai an matse shi fiye da nauyin iska sau miliyan ɗaya, ya ajiye filayarsa ya tambaye ni girman abin. Na ce bai kai ƙwayar gero ba, tsakanin lu'ulu'u biyu ake matse shi. Ya yi shiru, sannan ya ce in na tashi haɗa koren nan in kawo masa ya gani da idonsa, kuma akwai ragowar siririyar waya lamba 36 da zai ba ni in yi haɗi da ita.

Na koma wurin malamina da safe na ce na karɓi foliyanilin, amma ina so in ƙara gishirin ƙarfe in kuma auna yadda turjiya ke sauyawa da zafi. Ya amince. Ba mu da ruwan naitirojin, don haka zan fara daga ƙanƙara da gishiri in hau zuwa ruwan zafi. Sauran tambaya ɗaya, Yaya: mita biyu nake da su irin na masu gyaran rediyo. Za su isa, ko sai na nemi wata na'ura?

Yayar Ɗalibai, Gombe

Za su isa a fara, in dai ba waya biyu za ka yi amfani da su ba. Da waya biyu, turjiyar mahaɗin za ka auna, ba ta kwabon ba. Ka kafa waya huɗu a jere da tazara daidai. Na waje biyu su ɗauki wuta daga batir ta cikin rizisto, mita ɗaya tana karanta abin da ke wucewa. Na ciki biyu su tafi mita ta biyu a ma'aunin milibolt. Kowane awo ka juya kan batir ka sake, ka ɗauki tsakiyar biyun. Wayar Baba ka kankare banishin bakinta sosai kafin ka manna. Ka sa kwabon a busasshiyar kwalbar gwaji ka toshe bakin, domin foliyanilin tana shan danshi kuma danshi na sauya karatun. In za ka iya, ka gama awon cikin hunturu kafin damina ta faɗi.